Tankin Ƙazanta Mai Yoyo: A Liƙe Ko A Sake?

Wasiƙar wannan watan daga Kwatano ta fito, daga wani Alhaji cikin 'yan'uwanmu masu sayen tsofaffin motoci a bakin teku suna hawowa da su arewa. Ya ce cikin kayan da aka sauke masa daga Amurka har da wani ɗan ɗaki mai ƙafa biyu, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja shi, da gado da murhu da makewayi duk a ciki, wato abin da masu jin Faransanci suke kira karaban. Niyyarsa ya ba wasu masu haƙar rijiyar burtsatse haya su riƙa kwana a ciki in sun fita daji. To, amma tankin da ke tara ƙazantar makewayin yana ɗiga. An shafa masa gam ɗin nan da ake gauraya tubu biyu har sau biyu, an shafa silikon, kowanne sai ya yi kwana uku ya ɓamɓare kamar ɓawon gyaɗa. Tambayarsa ita ce, wane gam ne ya fi ƙarfi a kasuwa?

Alhaji, ka yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo, domin maganar ba ta tsaya ga ƙarfin gam ba. Sauran masu karatu kuma kada ku wuce shafin don ba ku da karaban. Duk mai tankin ruwa na roba a bisa soro, ko bido, ko durom, abin da za a faɗa ya shafe shi.

Dattawan Agadas da Arlit sun san irin waɗannan ɗakuna masu tafiya. A shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan ƙetaro hamada daga Tamanrasat su shigo ta Asamaka, wasu cikin Peugeot 504 da za su sayar kafin su koma gida, wasu cikin motocin da aka shirya wa wurin kwana. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya sha ratsawa ta Agadas. Rashin kwanciyar hankali ya tsinke wannan zirga-zirga, tseren ma an soke na 2008, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya. Saboda haka yaranmu na yanzu da yawa ba su taɓa ganin cikin karaban ba. A ƙasashen da ake ƙera shi kuwa, wato Amurka da Kanada da Turai, kayan hutun iyali ne, ana jan shi zuwa bakin tabki ko gindin dutse a yi mako guda a dawo.

Na Turai da na Amurka ba tsarinsu ɗaya ba. A yawancin na Turai ƙazantar tana taruwa ne cikin wani ɗan akwati mai cin wajen lita 20, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a gefe, a je a zubar, a mayar. In ya lalace sai a sayi wani. Na Amurka, irin na Alhaji, tankuna uku ne a manne ƙarƙashin daɓen ɗakin: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke wanda suke kira tankin ruwan toka, da na makewayi wanda suke kira baƙin tanki. Baƙin tanki yana da bututun fita mai faɗin inci 3, kusan santimita 7 da rabi ke nan, da bawul irin mai zarewa kamar ƙofar akurki. Akwai kuma siririn bututu da ya hau har rufi don fitar da iska. In an rubuta girman tankin da galan, a tuna galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ya kasa na Ingila mai lita 4 da rabi.

Abu na fari, a tabbatar daga ina ruwan yake fitowa. Ruwa yana da bin jiki, ya fita a can ya gangaro ya ɗiga a nan, mai gyara ya yi ta shafa gam inda babu ciwo. Sau da yawa tankin lafiyarsa lau, zoben roba mai taushi da ke cikin bawul ne ya bushe ya tsage, ko wanda ke tsakanin kujerar makewayi da bakin tanki, ko kuma mahaɗar bututu ce ta saki. Abin da ya yi shekaru a ajiye babu ruwa a ciki, sa'an nan ya yi makonni cikin jirgin ruwa da ranar tashar Kwatano, dole zobbansa su bushe. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A wanke tankin, a shanya bayansa ya bushe sarai, a rufe bawul, a jiƙa bula irin ta wanki cikin ruwa, a riƙa zubawa ta makewayi bokiti ɗaya ɗaya, wani yana kwance a ƙasa da tocila yana dubawa. In shuɗin ya ɓullo tun bokitin fari, matsalar tana ƙasa, wajen bawul ko gindin tanki. In sai da ya kusa cika, tana sama. In a bawul ne, Alhaji, ka gode wa Allah: ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, a kwance, a sa sababbin zobba, a shafa musu man silikon, a ɗaure daidai ba tare da an matse har robar ta fashe ba. Man inji ko giris na mota ba ya yi, yana lalata irin wannan roba.

Na ce a wanke tankin kamar ƙaramin abu ne, alhali nan ne hatsarin yake. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana fitar da iska iri biyu masu cutarwa. Ɗaya ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Guba ce, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka takan kwanta a ƙasa, wato daidai inda mai gyara yake kwance, kuma in ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi. Ɗayar ita ce mesan, 'yar'uwar iskar gas ta girki, wadda take kama wuta in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Wanda zai kai ƙarfe mai zafi jikin tanki ya kamata ya san da wannan. A yi aikin a fili, ba cikin gareji rufaffe ba. A cika tankin da ruwa da garin sabulu a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau, sa'an nan a bi da ruwan jabel da aka tsarma, a bar shi rabin sa'a, a sake ɗauraye shi da ruwa zalla. Jabel ba ya aiki sosai in ƙazanta tana nan da yawa, shi ya sa yake zuwa daga baya. Kada kuma a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, ko a zuba shi a kan tsohon fitsari, domin iskar da za ta tashi tana ƙona huhu. Bayan haka a buɗe bawul da kujerar makewayi a bar iska ta ratsa kwana ɗaya ko biyu. Safar hannu ta roba da tabarau wajibi ne. Karaban ɗin kuma a sa duwatsu a tare ƙafafunsa, a tokare shi da katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

To, mu ce an duba an ga tsaga a jikin tankin kansa. Nan muka zo ga tambayar gam.

Mu a Hausa kome roba ne: buta roba, kujera roba, taya roba, leda ma 'yar'uwar roba. Amma a wurin masu ƙera su dangi ne daban daban, kamar yadda tagulla da dalma da baƙin ƙarfe duk ƙarfe ne amma maƙeri ba ya yi musu aiki iri ɗaya. Tankunan karaban na Amurka yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai robar da ake kira ABS, mai tauri, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa da ƙara, irin wadda kamfanin Lego yake yin tubalan wasan yara da ita tun 1963. Ko kuma foliyetilin, mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma, wadda aka gano a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila a 1933. Ita ce robar bidon mai, da ta tankunan ruwa da muke ɗorawa a bisa gidaje. Bajamushe Karl Ziegler ne ya gano hanyar yin mai ƙarfin cikinta a 1953, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1963.

Halin foliyetilin shi ne ba ta yarda wani abu ya manne mata. Wannan halin ne ya sa ake zuba mata mai da asid da magani ba su ci ta ba, shi ne kuma ya sa gam ba ya kama ta. Ku lura da kyau: gam mai kama yatsu nan take, a cikin me ake sayar da shi in ba a tubun ƙarfe ba? Cikin 'yar kwalbar irin wannan roba, kuma murfin yana buɗuwa. Nakan kawo wa ɗalibaina wannan misali a aji, su yi shiru, sa'an nan su fashe da dariya. Don haka in gam ya ɓamɓare daga tankin Alhaji fes, bai bar ko tabo ba, alama ce babba cewa foliyetilin ce, kuma ko gam na nawa ya saya haka za a yi ta yi.

Amma kada a tsaya ga zato, kada kuma a dogara da launi, domin ana yin kowacce baƙa. A nemi tambari a jikin tankin. Tun 1988 masu masana'antar roba a Amurka suka fito da lambobi cikin alamar nan mai kusurwa uku: 2 da 4 foliyetilin ne, 5 folifirofilin ce, robar yawancin kujeru da wasu bokitai, ABS kuwa akan rubuta sunanta ko a sa ta cikin lamba 7. In babu tambari, a kankaro ɗan ƙanƙanen yanki daga leɓen tanki inda ba zai yi lahani ba, a jefa cikin kofin ruwa, a danna shi da yatsa don kumfa ta rabu da shi. Foliyetilin tana tasowa sama, ABS tana nutsewa. Gwaji na biyu, a ɗiga asetan, wato sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, a wani lungu na tankin. ABS za ta yi laushi ta yi danƙo cikin minti ɗaya, foliyetilin ko a jikinta. Mai son na uku ya kai yankin nesa da tanki ya ƙyasta masa ashana: foliyetilin tana ɗiga tana warin kyandir, ABS tana baƙin hayaƙi mai kunkunniya.

Ko wacce ce daga cikinsu, aikin fari ɗaya ne. A bi tsagar da ido har inda ta ƙare, a huda ɗan rami mai faɗin milimita 3 a kowane ƙarshe. Mutane suna jin nauyin wannan, wai yaya za a ƙara wa mai yoyo huda. Dalili shi ne duk ƙarfin da ke buɗe tsaga yana taruwa ne a tsininta, kamar yadda yadi yake ci gaba da yagewa daga inda aka fara tsaga shi. Rami mai da'ira yana raba wannan ƙarfi, tsagar ta tsaya. Sa'an nan a fafe tsagar da wuƙa ta zama kamar kwari, a goge gefe da gefe da samfefa har sabuwar roba ta bayyana, domin fatar waje da rana ta ci ba ta haɗuwa da kome.

In ABS ce, aiki ya yi sauƙi, tun da abin da ke narkar da ita shi ne maganinta. Akwai gam na musamman na bututun ABS, wanda yake narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya. Na bututun PVC da ya cika kasuwanninmu ba nasa ba ne, kada mai kanti ya ce maka duk ɗaya ne. In ba a samu ba, a kankare guntayen ABS a zuba cikin kwalbar gilashi, a rufe su da asetan, a toshe a bari ya kwana. Da safe za a tarar ya zama kamar kunu mai kauri. A shafa shi cikin kwarin, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi ko raga a kai wadda ta zarce tsagar da yatsu uku ta kowane gefe, a sake shafawa. Shafi uku ko huɗu marasa kauri, ana barin kowanne ya sha iska, sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda bayansa zai bushe cikinsa yana ɗanye. Asetan kuwa kamar fetur yake wajen kama wuta, mai sigari ya yi nisa.

In foliyetilin ce, sai walda. Kuma a nan ina ganin Alhaji ya fi Ba'amurken da ya sayar da karaban ɗin sa'a. Shi can sai ya sayi na'ura ta musamman ya koyi aiki da ita, ko ya biya kuɗi mai yawa. Mu kuwa babu babbar kasuwar da ba ta da mai liƙin roba, yana zaune da kaskon gawayi da 'yan ƙarafansa a wuta, an kewaye shi da fasassun bokitai da bidoji. Abin da yake yi da ƙarfe mai zafi da tsinken roba shi ne ainihin abin da littattafan injiniyoyi suke koyarwa, sunan ne kawai ya bambanta. Abin takaici, da wuya ka ga uban da zai so ɗansa ya zauna kusa da shi ya koya, makarantunmu ma ba su san da zamansa ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata Alhaji ya tsaya a kansu in ya kira shi. Na ɗaya, robar da za a cike tsagar da ita ta zama dangin tankin. Masu liƙi da yawa duk abin da hannunsu ya kai gare shi suke narkawa, ɓallin kujera ko na bokiti. Folifirofilin sai wajen digiri 160 take narkewa, foliyetilin kuwa tsakanin 110 da 135, kuma ko an narka su tare ba sa gaurayuwa. Liƙin zai yi kyau a ido, ya saki a gargadar fari. Mafi kyau a yanko siririn tsinke daga leɓen tankin kansa in yana da rara. In babu, a yanko daga bido mai lamba 2 ko wani abu mai lamba 4, a gwada a wani lungu, a bari ya huce, a ja da filaya. In ya cire fes, ba danginsa ba ne. Na biyu, zafin ƙarfe. Ƙarfen da ya yi ja ya wuce kima nesa ba kusa ba. Roba in ta yi hayaƙi ta koma ruwan ƙasa, ta ƙone, ƙarfinta ya tafi. Abin da ake so ta yi laushi ta yi sheƙi kamar man shanu a rana, jikin tanki da tsinken su narke tare a dama su. Ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo, babba mai faffaɗan baki, ya fi na gawayi daidaiton zafi. In tsagar ta yi tsawo, a nutsa 'yar ragar ƙarfe marar tsatsa cikin robar tana da zafi, a rufe ta da wani shafin. A bar shi ya huce da kansa, ban da watsa ruwa. Akwai wata irin foliyetilin da ba ta narkewa ko kaɗan, sai dai ta ƙone. In an gamu da ita, babu walda.

Bayan kwana ɗaya a cika tankin da ruwan bula har baki, a shimfiɗa takarda a ƙasa, a bari ya kwana. In takardar ta wayi gari a bushe, a rage ruwan zuwa rabi, a ja karaban ɗin a hanyar birji kilomita kaɗan a sake dubawa.

Ya kamata kuma a tambayi abin da ya tsaga shi tun fari. A ƙasarsa yawanci sanyi ne: ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu da bawul in an manta ba a zubar ba kafin hunturu. Wataƙila abin da ya sami na Alhaji ke nan tun kafin a sa shi a jirgi. A nan kuwa nauyi da gargada ne abokan gaba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 in ya cika buhun siminti biyu ke nan a rataye, suna tsalle a kowane rami. A duba ƙarafan da ke tallafe da shi, a ƙara ɗaya in tsakiyar ta lotsa, a sa ɓallin tsohuwar tub tsakanin ƙarfe da roba, a ɗaure bututun fita don kada ya riƙa lilo, domin a mahaɗarsa da tanki aka fi samun tsaga. In tsagar tana daidai wannan mahaɗa, ko ta bi kusurwa ta fi taƙi ɗaya, ko robar ta yi fari tana marmashewa in an kankare, ra'ayina kada a ɓata gawayi. A sa maƙeri ko mai aikin roba ya daidaita wani tankin a gurbin.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗigo kaɗan? A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan ta kashe mutum 616. Likita John Snow ya bi gida gida ya gano yawancin mamatan a famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, na titin Broad, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya sai aka tarar da ramin ƙazanta na wani gida, bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, tubalinsa ya ruɓe yana tsatsafa. A cikinsa aka zuba ruwan wankin ƙyallayen wani jariri marar lafiya. Mu ma ba mu manta da kwalarar Madarunfa ta 2018 ba, da wadda ta bazu jihohi da dama a 2021. Masu hayar karaban ɗin Alhaji kuma aikinsu haƙar rijiya ne, wato inda za su ajiye shi nan ne mutanen gari za su sha ruwa shekara da shekaru.

Don haka, Alhaji, ka sa a cikin sharaɗin haya cewa za a ajiye shi aƙalla mita 30 daga bakin rijiya, ta ɓangaren gangare. A Amurka akwai wuraren da aka tanada don juye irin wannan tanki. Tun da babu su a dajinmu, sai a juye cikin salga ko a haƙa rami mai zurfi a rufe da ƙasa, ban da kwata, ban da gulbi. Ka gaya musu kuma kada su bar bawul a buɗe wai don kada tanki ya cika, domin ruwan zai tsiyaye ya bar tudu ya daskare a ciki. Su bari ya kai kashi biyu cikin uku, su fara juye baƙin tanki, sa'an nan na ruwan wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyo, su zuba bokiti ɗaya na ruwa a ciki kafin a sake amfani da shi.